Rasuwar Ampili, Kunnen Gidan Magagi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsoron da ya fi baƙin cikin yawa, ni Hajara, matar gidan Magagi da ke bayan kasuwa nan Filinge, ina sanar da dangi da maƙwabta rasuwar Ampili. Ya cika ranar Talata bayan azahar, bisa teburinsa cikin ɗakina, shina da shekara biyu da wata ukku a gidanmu. Ban yi lakwal ba balle in iya rubutu, faɗi nake ana rubutawa, kuma na ce kada a rage kalma guda don jin kunyar wani. Sunan maigida ma mai rubutu ya sa da kansa, ba daga bakina ya fito ba.

Marigayin baƙin akwati ne mai nauyi na ƙara ƙarfin murya, da ɗan koren ido guda a goshi. Ɗana Zaidu da ke Lome ya aiko shi, bayan tansiyo, cutar hawan jini, ta kada ubansa, ta shanye masa ɓarin dama, ta bar shi da muryar da ba ta wuce raɗa ba. Ni kuwa kunnena ya daɗe da yin nauyi. Ɗakin maigida shina bakin zaure, murhuna shina can ƙarshen gida, tsakaninsu taki sittin da wani abu. An yi an yi ya koma kusa da ni, ya ce ba ya barin ɗakin da ubansa ya mutu ciki. Ɗiya duk sun watse neman abinci. Mu biyu ne cikin wanga babban gida, mai raɗa da mai kurumta.

Wani Kamal mai aikin lantarki ya kawo marigayin daga Yamai. Kwana biyu ya yi shina awon ɗakuna, shina jan waya bisa katanga, shina tambayata inda nake wuni. Ya kafa lasifika huɗu: guda ɗakina, guda rumfar girki, guda wajen turken awaki, guda cikin zaure. Ya ɗaure mikiro, abin da ake magana cikinsa, ga ƙafar gadon maigida, daidai hannunsa na hagu mai rai. Ya haɗa da rediyo don mu ji karatu. Da zai tafi ya ɗaga mani yatsu huɗu, ya ce ƙarfin Ampili na huɗu ne, biyu dama biyu hagu, kada a ƙara masa ko guda.

Za a shaidi marigayi da haƙuri. In anka kunna shi da safe sai ya ce "dum", sa'an nan ya kama wani ɗan gunji ƙasa-ƙasa, "mmm", wanda ni da ba ni jin sallamar mutane nake ji a ƙirjina. Bai taɓa ƙara wa magana gishiri ba, abin da anka ba shi shi yake kaiwa. Ina tsakiyar tuƙin tuwo sai in ji bisa kaina, da ƙarfi kamar na shekarun da maigida ke noma gonarsa shi kaɗai: "Ke." Ko kuwa: "Ruwa." Ko: "Juya ni." Har tarinsa yake kawo mani, na san wanda ke son a taso da wanda za a ƙyale. Shekara biyu ban taɓa barin tukunya ina gudu don zato ba.

Ciwon ajalinsa ya faro cikin azumin bana. Samiratu maƙwabciyata ta shigo da kaskonta ɗibar wuta, kamar yadda take yi shekara ashirin. Ta iske tafsiri na zuba cikin rumfa, ta tsaya har garwashin ya mutu a hannunta, ta ce ko za a ɗiba mata kaɗan ita ma. Na faɗa mata zancen yatsu huɗu. Ta tafi ta zo da Hamani mai gyaran rediyo na bakin tasha. Hamani ya yi dariya, ya ce mutanen Yamai haka suke tsorata na ƙauye. Ya ce murya kamar wuta ce, in an ɗiba ba ta raguwa, ya tambaye ni ko na taɓa ganin murhuna ya mutu don Samiratu ta ɗebi garwashi.

Ban taɓa gani ba. Kuma a garin ga ba a hana maƙwabci wuta, ko kuna gaba. Na ƙyale shi, ya murɗa wayarsa bisa ta Kamal, ya jefa ta bayan katanga zuwa gidan Samiratu.

Isufu tela ya ji, ya zo da tasa lasifikar. Bayansa mutum ukku. Wanda na ba ɗaya, da wane baki zan hana na biyu? Kafin salla marigayi shina ɗauke da tara. Har raɗar maigida ta riƙa fita gidajen mutane, Samiratu kan leƙo ta katanga ta ce mani Baba na kira, muna dariya.

Bayan salla muryar marigayi ta fara shaƙewa. Jikinsa ya ɗauki zafi, ba ka iya barin tafin hannu bisa bayansa. Shina cikin magana sai ya suma, ya jima ya farfaɗo. Ran nan ya suma bai tashi ba. Na aika anka kira Hamani. Ya buɗe cikinsa, ya ciro wani ɗan gilashi kamar gaɓar yatsa da ya ƙone, ya naɗa jar waya a gurbinsa, ya ce daga yau ba sauran suma. Gaskiya ya faɗi, bai sake suma ba. Daga baya Kamal ya ce mani ta talho ɗan gilashin nan shi ne mai tsaronsa, shi ke mutuwa don uban gidansa ya rayu.

Zan faɗi nawa, don kada Hamani ya riga ni. Ranar Talatar zafin ya yi yawa, teburin har shina rawa. Ni abin da na sani, mai zazzaɓi in shina makyarkyata rufe shi ake. Na ɗauko bargon Makka na lulluɓe shi. Zancen a bar shi ya sha iska Kamal bai faɗa mani ba, ko ya faɗa ban ji ba. Ban kai rumfa ba na ji "ƙyas", sai warin ƙonannen roba. Na yaye bargon, koren idon ya rufe.

Yanzu Hamani shina bin tasha shina cewa tsohuwa ta kashe kayanta da bargo. To, Hamani, ka sa a karanta maka. Wa ya sa masa zazzaɓin? Wa ya ɗora wa mai ɗaukar huɗu tara? Wa ya cire mai tsaronsa ya sa waya? Ni na rufe mai ciwo, kai ka kawo ciwon. Uwarka ƙawata ce, tare munka yi tallar hura, shi ya sa na yarda da kai. Aike ukku na yi maka, kullum an ce ka tafi cin kasuwar Bonkuku.

Ga abin da ya sa ba ni barin zancen ga. Ranar Laraba, kwana guda da rasuwar, na shiga rumfa da hantsi, na manta Ampili ba ya da rai. Shekara biyu shiru na nufin lafiya lau, jikina ya saba. Na surfa hatsi, na wanke, na ba awaki ƙasari, na ɗora miya. Sai kusan azahar na kai wa maigida hura. Na iske shi ƙasa, tsakanin gado da bango, fuska cikin rairayi. Ya miƙa hannu ɗaukar ruwa ne ya zame. Mikiro na cikin hannunsa, ya manna shi ga baki, leɓɓansa sun bushe. Ban san tun yaushe yake kira ba, shi ma bai faɗa ba. Da na cicciɓe shi bai yi mani faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mani sauƙi.

Tun ran nan ban ɗora tukunya ba. In na kewaya bayan gida ina ƙirga taki, in dawo da gudu da gwiwar ga tawa. Na ɗaura masa gwangwani da tsakuwa, ya kaɗa, ina bakin rijiya ban ji kome ba. Na zamna ƙofar ɗakinsa ina kallon ƙirjinsa shina hawa shina sauka, in ya jinkirta kaɗan sai nawa numfashin ya tsaya. Kamal ya ce ba ya samun zuwa kafin ƙarshen wata. Zaidu ban faɗa masa zancen faɗuwar ba, ina tsoron ya bar aikinsa ya kamo hanya.

Marigayi ya bar marayu huɗu na cikinsa, suna rataye bisa bango ba mai magana, da agololi biyat a gidajen maƙwabta waɗanda sunka ci shi da rai. Ya bar mikiro, ya bar rediyo. Ya bar tsoho guda mai raɗa.

Jana'iza ranar kasuwa da hantsi. Isufu tela zai ɗauki gawar bisa amalanke, a ratsa da ita ta gidan mai unguwa ya gani da idonsa, a ajiye ta ƙofar shagon Hamani a buɗe, da jar wayarsa a ciki. Ba a binnewa. Nan za ta zamna har ya tashe ta, ko ya kawo wani mai ƙarfin huɗu wanda Kamal ya yarda da shi ta talho. Ni ba ni rakiya, ba ni da wanda zan bar wa maigida.

Zaman makoki a ƙofar ɗakin maigida ne, ba cikin zaure ba, kuma ba ya tashi ran ukku ko ran bakwai. Kada a kawo goro, kada a kawo hatsi. Gida biyat ɗin nan da sunka ɗebi murya, kowane ya aiko mani mutum mai lafiyar kunne, ya zamna bisa tabarma ya saurara, in tsoho ya motsa baki ya rugo ya taɓa ni. Samiratu ta ɗauki safiyar gobe, Isufu ya ɗauki la'asar. Daga azahar zuwa la'asar har yanzu ba kowa, kuma lokacin ne yake jin ƙishirwa.