Yadda Za Ki Sa Haƙorin Makka Ba Tare Da Kin Bar Gummi Ba

"Haƙorina ne, Hure!"

"Bakin wa yake? Duba kalandar ga da kyau, Saude, bakin wa yake?"

Bar Hure da ihunta tukuna, ƙawata ce tun muna tallar fura, za mu dawo kanta. Ke mai karatu, matso. Ni Saude, uwar Tasi'u mai shagon hoto a Gummi, na yi miki alkawari: in kin bi matakan nan, haƙorin Makka zai fito fes a hoto, ba fasfo, ba jirgi, ba allura. Na gwada, ya fito.

Mataki na ɗaya: Haifi mai kwamfuta

In kin makara, sai haƙuri. In kina da shi, kafa kujera kusa da shi, ki ce fanka kika zo sha. Daga kujerar nan na gano 'yan kunnen wata amarya na aro ne, don autan nawa na murza wata 'yar taya a bayan linzamin kwamfuta, kunne ya taso ya cika gilashi kamar faifai. Ki sa ido a yatsunsa, ki yi kamar gyangyaɗi kike.

Mataki na biyu: Zaɓi hoton da zai yi nisa

Ni na zaɓi na bikin Fa'iza, jikar Hure. Kalanda za a buga a raba wa dangin ango a Adabka da Gwashi, inda ba wanda ya san wa ya hau jirgi, wa bai taɓa wuce Gusau ba. Mun jeru mu tsofaffi, duk anko ɗaya. Jira yaro ya tafi la'asar ya bar janareta a kunne.

Mataki na uku: Murza taya gaba

Gaba kusa, baya nesa. Murza, kar ki tsorata. Fuska in ta matso ba ta da mutunci: hanci ya zama suri, kunci ya zama gonar da aka yi wa huɗa. In kika zarce, mutum zai farfashe ya koma saƙar tabarma. A nan mai kuɗi da talaka duk ɗaya ne, abin da malamai suka daɗe suna faɗa.

Mataki na huɗu: Rufe ɗan akwatin kusurwa

Akwai ƙaramin hoto a gefe, da jan layi mai nuna inda kike cikin babban. Tasi'u ya ce shi ke hana mutum ɓata. Na rufe shi. Matar da ta san kowane lungu na Gummi da miyar da ake kaɗawa a ciki, akwati ne zai nuna mata hanya?

Mataki na biyar: Ja da ɗan hannu

Danne dogon maɓallin ƙasa, wani ɗan farin hannu zai fito. Da shi za ki ja hoton kamar mai jan tabarmar shanya. Na fara daga ɗankwalina, na ja ƙasa, linzamin ya goce. Sai ga bango. Na ja, ga takalmin wata. Na sake ja, ga ɗankwali irin nawa, ƙarƙashinsa haƙora, jajur da goro, da giɓi a gefe. Na ce alhamdulillahi, na iso gida.

Mataki na shida: Shafa

Ɗauki burushin cikin kwamfutar, zaɓi ruwan gwal, shafe haƙori ɗaya na sama. Ɗaya tak, kar a ce kin yi zari. Danna maɓallan da yaro ke dannawa in ya gama aiki, ki koma kujera ki ɗauki carbi.

Mataki na bakwai: Murza taya baya kafin ki tashi

Wannan matakin daga baya na ji labarinsa.

Yau kalanda ta iso daga Sakkwato, an riga an aika rabi Adabka. Hure ta shigo shago tana washe baki, wai wata dattijuwa daga dangin ango ta aiko a gaida Hajiya Hure, a roƙa mata ɗan zamzam. Na fizge kalandar. Ga gwal ɗina yana walƙiya a bakinta.

"Tasi'u, mayar min da abina!"

Ya buɗe hoton, ya murza taya baya sannu a hankali har muka fito duka, ya nuna ni da yatsa.

"Inna, ina za ni aza shi? Ke bakinki rufe yake a hoton."

"Rufe?" in ji Hure. "Buga min wanga daban, ɗana, in rataye a ɗaki. Tunda aka haife ta ba a taɓa gani ba."

"Hure, ki ji tsoron Allah, ko Gusau da ƙyar kika je."

"Ke kin je? Mi ya hana ki yi dariya da mai hoto ya ce a yi? Kina can kina leƙen zanen mutane."

Gaskiya ce, zanen uwar ango nake dubawa, kuma har gobe na ce ba sabo ba ne.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan ta wayi gari ta kai ƙawarta Makka, babu ruwana, babu ruwan Tasi'u, wanda tun ɗazu ya ɗauke kujerata ya kai bakin ƙofa. Laifin masu ƙera kwamfuta ne. Abin da ya iya kawo hanci kusa haka, ya gagara cewa "Baba, wannan ba bakinki ba ne"?

Na ce wa Hure to mu raba sunan Hajiyar, ita Adabka, ni Gwashi. Ta naɗe kalandarta ta soka a hammata.

"In za ki yi min magana, Saude, ki fara da Hajiya."

Ta fice, ta buga ƙofa har linzamin ya faɗo ƙasa.