Bencinan Malam Sale

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da kwamitin ilimi na dayosis, wato hedikwatar coci-cocinmu, ya kawo mana ziyara ba, ko da tsufa ya sa na fara kiran jikokina da sunan juna. Lokacin watana uku kacal da zama hedimasta a 'yar firamaren cocinmu ta Angilikan, a wani ƙauye tsakanin Roni da Kazaure. Kafin nan na shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa a makarantar gwamnati, don haka ina ganin babu abin da wani zai koya mini game da masu duba makaranta. In an ce suna tafe, a share, a ɓoye abin ɓoyewa, a yi ta murmushi har su tafi.

Takarda ta zo cewa za su iso ƙarfe goma na safe. Rabaran ɗinmu, wanda da shi zai gaya mini yadda ake yi, ya tafi taro. Na zagaya makarantar. Yara a ƙasa suke zama, kowa da buhun takin da yake shimfiɗawa. Aji uku kuwa iskar bara ta yaye kwanonsa ta baya, in kana ciki sai ka ga shirwa tana wucewa. Na ce in mutanen nan suka ga haka, ko su rufe makarantar, ko su ce sabon hedimasta bai iya ba (gaskiya na biyun ya fi damuna).

Sai na nufi maƙwabcinmu Malam Sale mai Islamiyya, wanda wani ɗan kasuwa ya yi wa sababbin bencina. Tare muka taso, gonakinmu ma iyaka ɗaya.

"Ɗauka mana, Hedimasta," in ji shi. "Amma ka san ɗalibaina bayan la'asar suke shiga."

Na ce haba Malam, ai kafin azahar an gama komai. Da sassafe aka kwaso su a amalanke sawu uku. Na garƙame aji uku da kwaɗo, na rubuta "Sito" a ƙofar da alli, na rarraba yaransa a sauran azuzuwa. Na tsaya ina kallon aikina, har tausayin sauran hedimastoci nake ji.

Goma ta wuce, sha biyu ta wuce, lokacin tashi ya yi na hana yara tafiya. Sai wajen ƙarfe uku motar ta shigo, ashe ta makarantar cocin da ke wajen Gwiwa suka fara. Mutum biyu ne: Benerabul, babban limamin da ke kula da coci-cocin yankinmu, da Mama Rifkatu, wata tsohuwar shugabar makaranta da ke riƙe da harkar ilimi a dayosis. 'Yar ƙarama ce, tabarau a kan hanci, littafi a hammata. Ta duba rajista, ta duba shirin darasin malamai, ta sa wata yarinya karatu, ta rubuta sunayen malaman da za a kira bita a hutu. Har nan lafiya lau.

Da muka zauna a ofis sai ta buɗe sabon shafi. "To Hedimasta, me ke damunku?"

Na ce a raina, tarko ke nan, na san irinsa. "Mama, mun gode Allah, babu komai."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Babu komai?"

"Ko kaɗan."

"Wanda ka gada ya rubuto mana kan wurin zama da rufi."

"Ai mun shawo kansu," na ce, har da gyara wuyan riga.

Benerabul ya yi murmushi ya miƙo mini hannu. "Madalla! Ka sauƙaƙa mana. Coci-cocin birni sun haɗa mana tebura da kujeru da kwanon rufi daga sadakar da aka tara a bikin godiyar kaka, amma na makaranta ɗaya ne. Tun a mota muke tunanin ku ko Gwiwa. Tunda Allah ya rufa muku asiri, sai a kai musu."

Kaina ya ɗaure tamau. Wai masu duba makaranta ne, ko masu rabon kaya? Shekara ashirin ban taɓa ganin wanda ya zo neman laifi ya taho da kujeru ba. In na ce ƙarya na yi, na zama maƙaryaci a gaban Benerabul. In na yi shiru, yara sun rasa. Sai kawai na ji kaina ina cewa, "Allah ya saka da alheri." Har yau ban san wa nake yi wa godiyar ba.

Ina cikin wannan ruɗani na ji ƙarar amalanke da sallama. Malam Sale ne, carbi a hannu. Ya gaida baƙi cikin ladabi, sannan ya juyo gare ni.

"Hedimasta, a yi haƙuri, la'asar ta gabato. Bencinan nan nawa."

Na yi ta ƙifta masa ido, shi kuwa bawan Allah ya ce ko wani abu ne ya faɗa mini a ido. Abin da ya ƙarasa ni shi ne yaran. Babu wanda ya ce musu komai, suna ganinsa suka miƙe suka fara fito da bencina, sannan kowa ya zaro buhunsa daga jaka ya shimfiɗa a inda ya saba zama. 'Yan aji uku kuma suka je suka yi layi a ƙofar "Sito", suna jiran a buɗe musu su ɗauki takalmansu na wasa.

Mama Rifkatu ta miƙo tafin hannu. "Makulli."

Ta buɗe aji uku ta shiga, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sama. Ni kuwa ji nake da ƙasa za ta tsage da na shige. Da ta fito ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

"Ɗana, makarantar nan tamu ce, ba taka kai kaɗai ba. Wa ka ɓoye wa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na tuba, Mama."

A nan tsaye suka yanke shawara. Kwanon rufi namu ne, don damina ta kusa. Tebura da kujeru kuwa Gwiwa, domin hedimastan can tun daga bakin mota ya fara nuna musu inda ke yoyo, kuma shi ma yaransa a ƙasa suke. Ni aka ƙara mini da ziyarar Mama Rifkatu duk wata, har na koyi aiki.

Shekara guda cur yaranmu suka ƙara a kan buhun taki saboda wayona. Kullum na shiga aji na gan su sai na ji kunya sabuwa, har kujerata na fitar na koma koyarwa a tsaye. Malam Sale kuwa in mun haɗu a gona sai ya ce, "Yaushe baƙi za su dawo? A ɗaura wa shanu amalanke?"

Yanzu duk motar da ta tsaya a ƙofar makarantarmu, kafin mai ita ya gama sallama na ja hannunsa na kai shi ya ga tsagewar bangon aji biyar. Ran nan sai da na gama nuna wa wani mutum har masai, sannan ya samu ya gaya mini hanyar Babura yake tambaya.