Rasuwar Lamba Ashirin da Bakwai, Wanda Aka Saukar a Kan Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ko dusar ƙanƙara ba ta sanyaya ba, Saje Yefim Kuzmich, bakaniken rundunar sama ta biyu, yana sanar da rasuwar jirginsa na yaƙi mai fukafukan katako, ƙirar Yak, Lamba Ashirin da Bakwai, ranar Litinin da hantsi.

Marigayin mai haƙuri ne. Wata goma sha tara yana shan harsashin Jamusawa, ya dawo gida da ƙafafunsa. Da safe sai ya yi tari, tuf, tuf-tuf, kana ya saki murya, garrrr, har hankaki su watse. Don ɗumama masa mai a sanyin bara Yefim ya rasa yatsu biyu, bai kuwa taɓa yi masa gori ba. Jajayen taurari goma sha huɗu ne a jikinsa, kowanne jirgin abokan gaba da ya kakkaɓo. Lambar yabon kuma tana ƙirjin matuƙinsa, Kyaftin Gleb Sukhotin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bai yi jinya ba. Kyaftin ne ya harbo na goma sha biyar, ya dawo yana wulƙitawa a kan ɗakin girki don 'yan matan da ke fere dankali su gani, sai ya manta bai ja sandar da ke sauke tayoyi ba. Marigayin ya sauka a kan cikinsa, ƙiiiii, ya yi shiru.

Jarumin ya fito yana kaɗe wando, ya ce, "Haba Kuzmich, kuka a kan katako? Gobe za a kawo mana sabo." Da yamma ya rubuta rahoto cewa tayoyin ne suka ƙi fita, sakacin bakanike. Kowa a filin jiragen nan ya san inda ake tura bakaniken da aka rubuta wa haka: bakin daga, da bindiga, ba a cika dawowa ba.

Marigayin ya bar bindigogi biyu, da farfela a lanƙwashe, da Yefim. Ya kuma bar maƙaryaci ɗaya.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis, ƙarfe goma, gaban kwamitin bincike. Ba a karɓar furanni, ba a karɓar jawabi. Katakon fukafukai zai tafi murhun miyar kabeji. Amma kafin nan za a ɗaga gawar a kan gangunan mai, cikinta a sarari. Yefim ya hana kowa taɓa sandar nan, tana nan yadda aka bar ta. Ana gayyatar Kyaftin Sukhotin, da lambarsa a ƙirji, ya hau ya ja ta da hannunsa, jama'a su ga ko mamaci zai miƙe ƙafa.