Kujerar Bakin Ƙofa

Ranar an tashi da yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa ƙasa sai dai ya sa ta santsi. Ranar ce kuma Gatan Marasa Gata, shugaban ma'aikata a kamfanin ɗinki, ya ware don duniya ta ga aikinsa. Allah ya yi mutum mai tausayi a nan. Tausayin har ya rufe masa ido: in ya dubi nakasasshe, ba ya ganin komai sai nakasar.

Da aka ɗauki wata gwanar tela mai keken guragu, bakin ƙofa ya ajiye ta, tana yi wa baƙi sannu da zuwa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙafa ce ba ni da ita, hannu na nan. Keken ɗinkin ma na lantarki ne."

"Ƙanwata, ina raye ba za ki wahala ba! Ke dai yi murmushi, baƙi su san irin zuciyar da ke gidan nan."

Ta yi ta murmushi har kumatu suka gaji, yatsu na ƙaiƙayin allura. Kurman da ya ƙware a yankan yadi kuwa, teburin karɓar ƙorafi aka ba shi, wai don kada zagin masu kaya ya ɓata masa rai. Ƙorafi ya ɗauke ɗif, aka yaba wa Gata.

Sai ya gina wa masu keken guragu gangara a ƙofar shiga, ya shimfiɗa mata tayil mai sheƙi. Tela ta ce taya na zamewa. Ya ce siminti ba ya kyau a hoto.

To, ranar yayyafin nan aka zo buɗe gangarar. Ga mai kamfani, ga masu hoto. Gata ya hau, ya gyara murya.

"Jama'a, duk wanda ya taka wurin nan ba zai manta da ni ba!"

Bai rufe baki ba santsi ya kwashe shi. Hoton ya fito tas.

Da ya dawo daga jinya yana dogara sanda, ya nufi ofishinsa, mai kamfani ya tare shi.

"Haba Gata, ina raye ba za ka wahala ba. Tsarinka za mu bi."

Gata ya ce ai kansa lafiya lau, ƙafa ce kawai. Ashe wanzami ba ya son jarfa.

Aka ajiye shi bakin ƙofa. Kujerar mai sannu da zuwa ɗaya ce, dole aka mai da tela kan keken ɗinki. Gata na nan bakin ƙofa har yau. Murmushin ne dai bai iya ba tukuna.