Abin da Ke Rawa a Motar Arzika

A ƙauyen Rafin Kirya an yi wani mutum ana ce masa Cindo. Ya ba shekara talatin da biyar baya, ƙato ne wanda shi kaɗai ke cira buhun masara ya aza a kafaɗa. Sai dai Allah bai ba shi kai ba. Duk abin da aka faɗa masa haka zai ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Gida ɗaya suke da tsohuwarsu Inna Tabawa, da yayansa Arzika, da iyalin Arzika mutum shida. Duk bakunan nan mota ɗaya ke ci da su, wata tsohuwar akori-kura da Arzika ya shekara ashirin yana ja. Ita kaɗai ce mota a ƙauyen. Ita ke kai kaya kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti, ita ke dawo da gawa. Cindo shi ne mai lodi.

Wata rana suka yi lodin tumatir na masu lambu suka hau kwalta. Da mota ta ɗauki gudu, sai Arzika ya ji sitiyari na motsi a hannunsa. Ya ce, "Cindo, ɗora hannunka nan. Yana rawa?" Cindo ya ɗora, ya kasa kunne, ya ce, "Ba ya rawa, Yaya." Arzika ya zaci gargadar hanya ce, ya ƙara wuta. Ba su yi nisa ba tayar gaba ta yi bindiga, mota ta kwanta a gefen titi, wahalar rani guda ta mutum bakwai ta zama miya a kan kwalta. Arzika ya fito goshi na jini ya ce, "Ashe ba ka ji komai ba?" Cindo ya ce, "Na ji yana girgiza kamar mai masassara. Amma rawa ka tambaye ni, ni kuwa ban ji kiɗa ba."

Wata rana suka kai motar garejin Malam Jatau, bakaniken da ke bakin titi, tafiyar rabin sa'a daga ƙauyen. Ya shafa ɗaya tayar ta gaba ya ce, "Ga wannan ma ta kumbura. Direba, riƙe wannan: in sitiyari ba ya rawa sai ka ɗauki gudu, taya ce ko wili ya lanƙwashe. In sai ka taka birki, faifan birki ne. In tana tsaye tana karkarwa, kujerar inji ce." Ya sa wata taya, ya murza notuna da hannu, sai aka kira azahar. Ya ce, "Cindo, ɗaure notunan nan tamau kafin mu fito masallaci." Cindo ya samo igiyar kaba ya ɗaure kowane noti, ƙulli uku-uku, ya mai da murfin taya ya rufe. Suna shiga ƙauye taya ta fice tana gudu ita kaɗai, ta doki jakin wata tsohuwa Kande, wanda da shi take dakon ruwa tana ci da marayun ɗanta. Ƙafar jakin ta karye, aka ja shi bayan gari. Kande ta zauna a ƙasa, ko kuka ba ta iya ba. Cindo ya duba taya ya ce, "Amma igiyar ba ta tsinke ba."

Wata rana da hantsi kububuwa ta sari wani manomi, Malam Barau, aka kwantar da shi a bayan mota za a kai shi asibiti. A gangaren Dutsen Kura, Arzika ya taɓa birki, sai ya ji abin takawar na bugun tafin ƙafarsa. Idonsa na kan hanya ya ce, "Cindo, sa kunne ka ji birkin nan in na sake takawa." Cindo ya sulale ƙasa, ya cusa kansa ƙarƙashin birki ya sa kunne. Arzika ya taka, birki ya ƙi sauka, mota ta zarce cikin kwazazzabo. Ba a samu fito da ita ba sai la'asar, da shanun huɗa. Malam Barau kuwa tun azahar ya cika, a inuwar wata marke, ɗansa na riƙe da kansa. Cindo ya fito kunne a yage, ya ce, "Yaya, na ji. Ƙara yake yi, ƙwarai." Daga ranar wannan kunnen bai ƙara ji ba, mutanen ƙauye kuma suka daina amsa masa sallama. Inna Tabawa ta ce, "Ya Allah, kada ka ɗauke ni ka bar shi a hannun mutane."

Malam Jatau ya canza faifan birki. Ya duba boris, ya duba tayarod, ya duba farfela da kujerar inji, ya kai tayoyin huɗu aka gwada su. Ya ja motar da kansa har gangare ya dawo, ya ce, "Sumul take." Bayan kwana uku Arzika ya dawo wai har yanzu sitiyari na rawa, birki na rawa, har totur ma. Aka sake dubawa, ba a ga komai ba. Ya sake dawowa. A zuwa na huɗu suka yi cacar baki, Arzika ya ce bakaniken ya tsufa, ya fice a fusace. Malam Jatau ya juya wajen Cindo ya ce, "Kai, ni na gaji. Duk abin da ka gani da idonka yana rawa a motar nan, cire shi ka kawo mini."

Wata rana da safe mata ashirin da 'yan kai suka hau bayan motar, da goyo da ƙwarya, za su ta'aziyya wani gari da ke bayan dutse. Cindo ya shiga gaba tun kafin yayansa ya fito. Ya zuba wa sitiyari ido, shiru. Ya leƙa birki, shiru. Arzika ya shigo ya kama sitiyari, ya ɗora ƙafa. Bai ko tada inji ba, sai ga sitiyari na karkarwa, birki na ƙas-ƙas. Cindo ya ɗaga hannun yayansa. Sitiyari ya tsaya cak, hannu bai tsaya ba. Ya ɗaga ƙafar, haka nan. Sai ya zagaya ya buɗe ƙofa, ya sunkuci Arzika ya saɓa a kafaɗa, ya kama hanya.

"Sauke ni, mahaukaci!" Arzika na dukansa a gadon baya, mata na salati, Inna Tabawa ta biyo su ba takalmi. Cindo bai tsaya ba sai gareji. Ya ajiye yayansa a kan benci a hankali, ya ce, "Malam, ga abin da ke rawa."

Masu jiran gyara suka fashe da dariya. Malam Jatau bai yi ba. Ya ɗebo ruwa a moɗa ya cika ta fal, ya miƙa wa Arzika ya ce, "Sha, Direba, ka huce." Kafin moɗa ta kai baki rabin ruwan ya zube a riga. Dariya ta ɗauke.

Malam Jatau ya ce, "Tun yaushe?"

Arzika ya ce, "Tun damina. Wani lokaci ƙafar ba ta jin maganata. Malam, in na bar tuƙi, wa zai ci da gidan nan?"

"Da mata ashirin za ka sauka gangare da wannan ƙafar?"

Arzika ya laluba aljihu, da ƙyar ya ciro makulli ya ajiye a kan benci. Ran nan mata suka tafi ta'aziyya da ƙafa, suna tafe suna tsine wa Cindo, kuma duk suka dawo gida da ransu.

Shi kuwa Cindo yana tsaye yana goge zufa, ya juyo da kunnensa mai ji, ya ce, "Malam, yau za a gama gyaran, ko sai gobe in zo in ɗauke shi?"

Malam Jatau kuwa, shekara arba'in yana gyaran mota, ran nan ne aka kawo masa abin da ba shi da kayansa.