Motar da Ba Ta Sallama

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja, Shugaban Kwamitin Sauya Motoci, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa irin wadda manya ke yi wa manya, mai rubuto maka shi ne Shehun Malami, Babban Masanin Motocin Lantarki na Duniya da Kewaye. Labari ya iske ni cewa ranar Litinin za ku yanke hukunci biyu: ko a sauya motocin kamfani goma sha huɗu da masu caji, da kuma ko a sallami dattijon da ke gadin ƙofa. Na ture manyan taruka don in ba ku shawara kyauta.

Na ɗaya. Na binciki motar gwajin da aka kawo maka, sama da ƙasa, musamman ƙasa. Mota ce ta kirki: ba hayaƙi, ba ɗigon baƙin mai, bokiti ɗaya ya ishe ta wanka. Aibinta guda ne, ba ta da tarbiyya. Shigowa take ba sallama.

Na biyu. Shekara ashirin da biyu mai gadinku yana buɗe ƙofa da kunne. Ƙofar ƙarfe ce ba ko huda, tagar ɗakinsa kuma bango take kallo, bisa hikimar wanda ya zana ginin. Ya san tarin motar akanta, ya san kukan bas ɗin ma'aikata, tsohuwar motarka kuwa tun daga kwanar gidan mai yake jiyo ta. Shi ya sa, ranka ya daɗe, ba ka taɓa danna hon ba, har kana faɗa wa baƙi ƙofa da kanta take gane ka.

Na uku. Ranar Talata ƙofa ba ta gane ka ba. Minti ashirin da biyar kana waje cikin motar da ko numfashi ba ta yi, dattijo yana ciki, kunnensa a titi, yana addu'ar Allah ya sa lafiya Manaja ya makara. Wa ya isa ya ce ka danna hon? Yatsa irin naka ai na sa hannu ne. Daidai ne da aka ba shi takardar gargaɗi. Me ya hana shi jin abin da ba ya ƙara?

Na huɗu. Ka tausaya wa ofis ma. A da, injinka yana ba su minti uku su ninke jarida, su lalubo takalmi a ƙarƙashin tebur. Yanzu sakatariya ko tari ta ji sai ta miƙe tsaye.

Na biyar. Na ji tun ranar Laraba motar ta soma wani kwaram-kwaram daga baya, makanikai uku sun jona mata kwamfuta, sun ce lafiyarta lau. Sun yi gaskiya. Amma ko Mai Girma ya lura tun ranar, kafin ya taka birki ƙofa ta buɗe?

Shawarata ita ce ku sayi motocin duka, amma a ba kowacce muryarta.

A nan ya kamata in buga hatimi, sai dai ba ni da shi. Shehun malantata a allo ta tsaya. Wannan ma da ajami na rubuta, wani ya juya min zuwa boko, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Kwaram-kwaram ɗin nan gwangwanin madara ne da tsakuwa uku, ɗaure da waya a bayan tayar hagu. Ni na ɗaura lokacin wanki. Baba, mai gadin naku, bai sani ba. Ranar Talata ko abinci bai taɓa ba, ranar Laraba ya dawo gida yana dariya, yana ce wa Inna ashe motar ta koyi sallama.

Na tanadi sauran gwangwani goma sha uku: na akanta da ƙusa biyu, na bas da murafen kwalba. Kwana biyu sun ishi Baba ya haddace su. Na san kunnensa, da shi yake kama ni kullum na shigo da sanɗa.

Idan dole ranar Litinin sai wani ya tafi, a kori mai ɗaurawa, a bar mai buɗewa. Kafin nan, don girman Allah, kada a kwance gwangwanin.

Naka mai biyayya, durƙushe a gefen taya,

Kumfa,
mai wankin motocinku, autan Baba mai gadi.