Agogon Shiga da Agogon Fita

Shekaranjiya na yi asarar yini guda da maɗaurin takalmi a kan ƙarfe huɗu. An ce in je wani ofishi, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ina son in ci gaba da kwana a ɗakina. Na isa da hantsi, agogon mutanen Makka na nuna huɗu daidai. Mai gadi ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ai huɗun Nasara ake nufi. Na hau dutsen unguwarmu na koma gida, na sake saukowa bayan la'asar. Ya ce Mai Girma ya tashi tun azahar, shi da agogon Larabawa yake aiki, me ya hana ni zuwa da safe? Na ce ai na zo. Ya ce, "To ka ga yanzu ka san hanya. Bukra." Wato gobe.

Masu karatu na gida ba su san wannan ni'ima ba, bari in yi musu bayani. Agogo biyu ne a garin nan. Na Larabawa, da rana ta faɗi kowa zai mayar da nasa kan sha biyu, daga nan a fara ƙirge. Na Nasara shi ne wanda kuka sani. Shidan Nasara, rana ke fitowa. Shidan Larabawa, rana ta take tsaka. Biyun Nasara bayan azahar ne, biyun Larabawa kuwa an idar da lisha. Talaka ba ruwansa, da kiran salla yake tafiya. Manya ne Allah Ya buɗe wa ido suka gane cewa mai agogo biyu ba ya makara, ba ya kuma saɓa alkawari.

Ni dai takalmi na rasa. Maƙwabcina Kabo ya kusa rasa abin da ya fi haka.

Kabo mutumin Damagaram ne. Da ƙafa ya zo hajji tare da mahaifiyarsa, Inna Rumasa'u, suka yi aikinsu suka zauna, kamar yawancinmu. Ɗakinsu na sama da nawa a unguwar Nakkasa, a inda akuya ma sai ta tsaya ta yi numfashi kafin ta ƙarasa. Yana aiki a wani filin fasa dutse da buga bulo can wajen unguwar Shisha. Da duhu yake fita, da duhu yake dawowa. Ranar Juma'a ana sakinsu su yi salla a masallacin da ke bayan filin, kuma an san tsawon huɗubar.

Inna Rumasa'u ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ga dundumi, ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Sai rana ta ɗaga sosai take ganin abu, shi ma kullum raguwa yake yi. Buƙatarta ɗaya ce a duniya: ta sake ganin Ka'aba da idonta kafin hasken ya ƙare. Kabo ya taɓa goya ta bayan lisha ya kai ta Harami. Da suka dawo na tambaye ta, ta ce, "Fitilu na gani, Malam, kamar an fasa ƙwai a bango. Ban ga Ɗaki ba."

Na ce, "Inna, ai ni ina nan da rana. Sai in goya ki."

Ta ce, "Kai? Kai da kake hutawa sau uku kafin ka hawo da kanka? Ban da haka ma, ni ba na hawa bayan ɗan wata. Na haifi nawa."

Saboda haka abin da Kabo ke nema safiya ɗaya ce. Ya je wurin Wada, shugaban leburorin filin. Wada jikan Bakano ne, amma a nan aka haife shi, Hausarsa sai an tsince ta daga cikin Larabci kamar tsakuwa a shinkafa. Ya saurari Kabo har ƙarshe, ya ce, "Ya Kabo, esh hada? Kai fa ba ka da iƙama, takardar zama. A wurin hukuma babu kai. Wanda babu shi, kef zan ba shi hutu? In na ba ka hutu na yarda kana nan. In kana nan, motar kame ta zo. Wallahi taimakonka nake yi."

Kabo ya yi godiya ya koma ya ɗauki dutsensa.

A duk filin nan mutum ɗaya ne hukuma ta san da zamansa, wato Abdulganiyyu mai gyaran injin niƙa dutse. Shi kuwa jirgin alhazai ne ya kawo shi ta ruwa, daga ƙasar Filifin, ya yi sa'ar samun iƙama. Kowa Bajawe yake ce masa. Yakan tsaya ya yi rantsuwa cewa tsakanin garinsu da Jawa akwai teku, a ce masa, "To, mun ji, Bajawe." Larabcinsa na gyaran inji ne, amma yana jin Turanci, don haka in maganar ta yi tsawo wurina ake kawo shi.

Shi ne ya fara ba mu labarin doka. Ya ce a ƙasarsu an rubuta cewa lebura awa takwas zai yi a yini. Abin da ya ƙaru a kai, ladansa daban. A ba shi lokacin cin abinci. A mako kuma ya huta rana ɗaya.

Na ce, "Ana bi?"

Ya ce, "A'a. Amma kowa ya haddace ta."

Kabo ya sa na maimaita masa da Hausa sau biyu. Sannan ya ce, "Malam, tambaye shi, sauran ranar me suke yi da ita?"

Ba a daɗe ba sai labari ya bazu cewa mu ma nan an sauko da irin wannan doka daga sama. A nan dole in yaba wa mai filin, Uban Marayu, Garkuwar Leburori, wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba sai ƙurar motarsa. Wasu masu kuɗin da suka ji labarin gunaguni suka yi. Shi kuwa ko kwana bai yi ba ya aika aka sayo manyan agogunan bango guda biyu. Filin na da ƙofa biyu. A ta shiga aka rataye agogon Nasara, aka rubuta a ƙasansa, shiga ƙarfe shida. A ta fita aka rataye na Larabawa, aka rubuta, tashi ƙarfe biyu. Daga shida zuwa biyu, ku ƙirga da kanku. Takwas ne cif. Leburori suka ci gaba da shiga da fitowar rana suna fita bayan lisha kamar da, sai dai yanzu bisa doka. Har fitilun gas aka ƙaro musu don kada su yi tuntuɓe a cikin haƙƙinsu.

Abdulganiyyu ya kai ƙara. Shi kaɗai ne zai iya, tunda shi kaɗai ne yake nan. Aka ce masa bukra. Bukrar ta haihu ta yi jikoki. Inna Rumasa'u kuwa ta daina gane ni sai na yi magana.

Rannan sai ga saƙo wai Mai Girma Babban Mai Auna Gumi zai zo da kansa, kuma ana son tafinta. Na sa rigata ta Juma'a na tafi. Mota uku suka zo. Ɗaya tasa, ɗaya ta jakarsa, ta ukun kuwa na leƙa ban ga kowa a ciki ba sai lema. Wada ya riga ya tara leburori ya yi musu huɗuba. Tunda babu su, duk wanda aka tambaya ya ce shi baƙo ne, ya zo gai da Abdulganiyyu. Wanda aka kama da dutse a ka ya ce tsaraba ya kawo masa.

Mai Girma ya fara da binciken rago da shinkafa a ƙarƙashin rumfa, ya bincika har ƙashi. Da ya wanke hannu ya zaga filin. Ya ga tsaunin bulo, ya ga ma'aikaci guda ɗaya, ya jinjina kai ya ce lalle mutanen Jawa akwai himma. Ya tsayar da Kabo.

"Kai fa, ya hajji?"

"Gaisuwa na zo, ranka ya daɗe."

"Wannan dutsen fa?"

"Tsaraba ce."

Mai Girma ya juyo gare ni ya ce, "Ka gani? Zumunci irin na Takari babu shi a ko'ina."

Sannan aka zo kan ƙara. Aka nuna masa rubutun ƙofofin. Ya ɗaga yatsunsa masu zobba ya ƙirga a fili, daga shida har biyu, ya tsaya a kan na takwas. Ya ce, "Ina ƙarar take?" Abdulganiyyu ya shiga bayani da Turanci yana nuna wannan bango yana nuna wancan, ni kuma ina binsa da Larabci ina gumi. Muna cikin haka sai na ga fuskar Mai Girma ta canja. Ya ƙura wa agogon shiga ido. Ya taka har ƙofar baya ya duba ɗayan. Ya dawo jijiyar wuyansa a tashe. Na ce a raina, Allahu Akbar, yau ga babban mutum ya fahimci magana.

Ya daka tsawa. "Wane ne ya rataye agogon Nasara a ƙofar gaba, ta hannun dama, inda ake shiga da bismilla? Namu kuma, na iyaye da kakanni, aka kai shi baya kusa da makewayi? A garin nan? A sauya su yanzu ina tsaye!"

Aka kawo tsani. Agogon Larabawa ya dawo ƙofar shiga, na Nasara ya koma ta fita. Wada ya tsaya yana duban rubutun da ke ƙasansu, leɓensa na motsi. Ya matso yana murza hannu.

"Ya ɗawilal umur, akwai 'yar mushkila kaɗan."

"Wace iri? Shida ba shida ba ce?"

"Shida ce."

"Biyu fa?"

"Biyu ce, amma..."

"Amma me? Da can ba takwas ba ne?"

Wada ya buɗe baki, ya ga inda amsar za ta kai shi da maigidansa, ya rufe. Mai Girma ya sa aka buɗe jakar nan mai mota, aka fito da jan kaki da hatimi, aka liƙe kowane agogo da bangonsa. Ya ce duk wanda ya taɓa su kafin ya dawo, da hukuma yake yi. Ya shiga motarsa, jaka ta shiga tata, lema ta bi su a baya.

Kabo bai gane abin da ya faru ba. Abdulganiyyu ne ya kama shi ta kafaɗa yana girgiza shi yana cewa, "Bukra shugul zuhur! Zuhur, ya Kabo!" Na fassara masa: gobe sai rana ta take tsaka za su shiga, su fita bayan azahar, a tsakani kuma ga salla ga abinci.

Ya ce, "Malam, ba tarko ba ne?"

Na ce, "Doka ce. Da hatiminta."

Washegari na ji abin da ban taɓa ji ba a Nakkasa, muryar Kabo da hantsi. Ya goya Inna da zanen gado, ya ƙulle a ƙirji. Ni aka ba tabarma da buta. Muka gangaro. Mata suna leƙowa ta taga, wata ta tambayi maƙwabciyarta ko Rumasa'u ta yi baƙo. Duk hanya Inna tana yi masa faɗa, ya cika sauri, ya cika jinkiri, ƙashin bayansa na sukarta.

Da muka shiga Harami faɗan ya tsaya. Rana ta ɗaga, farin dutsen na ɗaukar ido. Kabo ya ratsa mutane ya matsa da ita gaba, ya juya gefe yadda za ta gani ta saman kafaɗarsa. Can na ji ta ce, a hankali, "Ga shi nan. Baƙi. Ga zaren zinariyar ma." Ya yi ɗawafi da ita a baya, ina biye da buta, bakinta bai daina motsi ba, wuyan rigarsa ya jiƙe.

Da aka gama ya sauke ta a inuwa, ya durƙusa a gabanta yana kwance zanen. Ta kai hannu ta kama haɓarsa, ta juya fuskarsa wajen haske. Ta duba, ta sake dubawa.

"Kabo?"

"Na'am, Inna."

"Yaushe ka yi furfura?"

Ya yi dariya, dariyar ta ƙi ƙarasawa. Ta riƙe fuskar da hannu biyu, ba ta saki ba har ladan ya fara gyaran murya, Kabo ya ce zai makara wurin aiki.

Kada wani ya ɗauka Garkuwar Leburori ya karya doka. Allah Ya kiyaye, mutum ne mai tsoron hatimi. Agogunan suna nan inda Mai Girma ya liƙe su, ko ƙura ba a share musu ba. Mai fenti kawai aka kira da yammacin ranar da muka kai Inna Harami. Ƙofar baya ta zama ta shiga, ta gaba ta zama ta fita. Yanzu leburori ta gefen makewayi suke shiga da fitowar rana, su fito ta babbar ƙofa bayan lisha, ta hannun dama, cikin mutunci. Na ji an ce Mai Girma zai dawo duba ƙofofi. An sa masa ƙarfe huɗu.